Ƙasar Sawun Muntari

"Ba zan ɗiba ba!"

Awadiyya ta faɗa da ƙarfi, har kajin Inna suka watse a tsakar gida.

"Wallahi, Muntari, in ka fita gidan nan da sunan Jidda, ba zan ɗebi ƙasar sawunka ba! Sai dai iska ta share ta!"

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kama sunansa ba. Usta take ce masa, yadda ake kiran gwanin tela a Kasuwar Umdurman, rabi girmamawa rabi tsokana. Yau da ya ji sunan nasa tsirara a bakinta, sai ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Habibti, masoyiyata, zauna mana... ba ke kaɗai ba ce yanzu."

"Au, ashe ka sani?"

Ta dafe cikinta da ya fara ɗaga riga. Hawaye na zuba, ba ta ko damu ta goge ba.

A unguwarsu ta Alsawra, in namiji zai yi tafiya mai nisa, barinsa ake ya taka ƙofar gida ya wuce ba waiwaye. Sai matarsa ta durƙusa ta ɗebi ƙasar da ƙafarsa ta dama ta taka, ta ƙulle a tsumma, ta rataye a ɗaki. Wai ƙasar tana kiran mai ita har ya dawo. Malamai sun yi faɗa har sun gaji, mata kuwa suka ce to, suka ci gaba da ɗiba.

Awadiyya a ƙarƙashin irin wannan ƙullin ta girma. Yana nan rataye saman gadon mahaifiyarta, Inna Barakatu, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Tana ciki babanta ya tafi Libiya neman aiki. Da farko rediyo ya aiko, daga baya gaisuwa a bakin mutane, daga nan shiru. A hoto kawai ta san fuskarsa.

"Ki saurare ni," in ji Muntari. "Shekaranjiya a kasuwar Suk al-Shabi aka tare motarmu. Kasha, wato kamen samari! Sojoji suka shigo suna sauke duk namiji mai jini a jika. Lori na tsaye a gefe. Daga nan sai sansani, daga sansani sai yaƙin Kudu."

Ta zuba masa ido.

"Ba ka gaya min ba..."

"In ce miki me? In ce wata tsohuwa da ban sani ba ce ta danna kaina ƙasa, ta rufe ni da tob ɗinta, babban mayafin nan nasu, ta ɗora min kwandon albasa a baya? Ni, da gemuna, a ƙarƙashin ƙafafun mata!"

"To ka daina zuwa Hartum! Ka zauna a shagonka!"

"Wane shagon? Rabon da wani ya kawo min sabon yadi tun ƙaramar Sallah. Faci, faci, faci! Mutum ya kawo jallabiyar da ta riga ta mutu, ya ce in juya cikinta ya koma waje. Da wannan zan yanka ragon suna?"

"Ka yanka zakara! Ka yanka tattabara! Ni miji nake so, ba rago ba!"

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne da ya ga idonta.

"Shekara ɗaya ce fa kawai. Yakubu ya ce akwai shago yana jirana, takardu ma shi zai..."

"Yakubu!"

Ta furzar da sunan kamar ta tauna tsakuwa a cikin wake.

Yakubu ɗan unguwa ne, ya daɗe yana aiki a Jidda. In ya zo hutu, turarensa ke riga shi shan kwana, agogon hannunsa kuwa sai ya duba shi ko ba wanda ya tambaye shi lokaci. Shi ya fara neman Awadiyya, da akwatuna har tsakar gida. Inna Barakatu ta dubi akwatunan, ta dubi ƙullinta, ta ce a mayar. Ta ba wa tela 'yarta. Yakubu bai nuna fushi ba, har rawa ya taka a bikin. Bana kuma ya dawo ya zama babban aminin ango, kullum yana shagonsa yana ba shi labarin ƙasar da tela ba ya ɗinka faci.

Ita kuwa Awadiyya mai lalle ce, ta san hannuwan matan masu akwati ciki da bai. Ta zana wa amaryar da aka ajiye hoton ango a gefenta. Ta zana wa wadda mijinta zai zo hutu, ta koma ta iske lallen bai gama dushewa ba mijin ya riga ya koma. Zinariya har gwiwar hannu, ido kuwa kamar na mai zazzaɓi.

Inna na bakin murhu tana shafa kisira, siririyar wainar dawa, duk tana jin su. Da Muntari ya fito zai wuce, ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ɗana."

Ya durƙusa. "Na'am, Inna."

"Na ba ka ita ba ka da komai sai keken ɗinki da ƙafar taka shi. Ka san abin da na gani a wurinka? Mutumin da zai kwana a gida. Shi ke nan fa."

Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

*

Ranar Juma'a da la'asar ya ja ta zuwa bakin Nilu, can Abu Rof inda ake sassaƙa jiragen katako. Nan suke zama tun suna saurayi da budurwa. Ya cire markubunsa, takalmansa na fata, ya ajiye a gefe, ya tura yatsunsa cikin yashi, nesa da ruwan.

"Dubi mai zuwa Jidda," in ji ta. "Kai da ko kwale-kwalen tsibirin Tuti ba ka shiga sai ka rufe ido kana salati."

"Wancan babban jirgi ne. Yakubu ya ce kamar unguwa guda yake, ba ka ma sanin a ruwa kake."

Ta ɗauki takalmin nasa na dama tana juyawa. Diddigen ya cinye saboda taka keke, baduku ya manna masa guntun taya mai layi uku a karkace.

"Ka san da wannan na fara saninka? In na fito shara da safe sai in ga layi uku a ƙofarmu. In ce, oho, telan nan ya sake zuwa ya tsaya, kunya ta hana shi sallama."

"Ashe kina gani!"

"Har kewaye shi nake da tsintsiya, don kar in share."

Ya dube ta yana murmushi.

Sai ta ɗan zabura, ta kamo hannunsa ta ɗora a cikinta.

"Tsaya... ka ji?"

Abu ya motsa a ƙarƙashin tafinsa, ɗan kaɗan, sannan ya sake.

"Allahu Akbar..." in ji shi.

"Usta," ta ce a hankali, "ni ban san muryar babana ba. Maƙwabci ne ya yi min huɗuba a kunne. Duk Sallah sai in tsaya bakin titi ina duban masu sauka daga mota, in ga mai akwati sai in bi shi da ido har ya shiga wani gida. Kar ka yi wa wannan haka. Na yarda mu ci kisira da ruwa. Na yarda in ɓoye ka a ƙarƙashin tob ɗina duk ranar da aka yi kasha. Amma ka zauna, don Allah... ka zauna."

Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa hannunta.

"Halas, ya isa. Na zauna."

"Ka rantse!"

"Na zauna, hasken idona."

Ranar, a hanyar komawa, har gyaɗa ta saya wa yaran da ba ta sani ba.

Da ma labarin a nan ya ƙare!

Amma Yakubu da ya ji, bai yi musu ba. Murmushi ya yi, ya ce ai kowa da ra'ayinsa. Washegari sai ga shi a zauren Malam Zubairu, mahaifin Muntari, da ledar dabino da carbi sabo. Ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya yi ajiyar zuciya. Ya ce abin tausayi, ga yaro Allah ya buɗe masa ƙofa dab da Ɗakinsa, mace ta ɗaure masa ƙafa da gefen zane.

A makon ne kuma aka kafa rumfar makoki a layinsu. Ɗan maƙwabcinsu da kasha ta kwashe bara, saƙon rasuwarsa ya zo. Ba gawa, ba kabari, sai saƙo.

Malam Zubairu ya aika aka kira ɗansa.

"Muntari, ka ga rumfar can?"

"Na gani, Baba."

"Kakanka da ƙafa ya taso daga Haɗeja zai je Makka. Guzuri ya ƙare, ya tsaya a Jazira tsinkar auduga, wai kaka ɗaya. Aka haife ni, ya ce sai an yaye ni. Aka yaye ni, aka haifi wani. A nan aka binne shi, haraminsa na cikin jaka ko buɗewa bai yi ba. Ni ma ga ni, ido ya tafi. Mu mutanen hanya ne, ɗana, ba mu iso ba tukuna. Ka tashi ka ƙarasa mana. In ka zauna, ko dai lori ya ɗauke ka, ko kai ma ka tsufa kana cewa sai an yaye."

"Baba, na yi mata alkawari..."

"Ni kuma umarni nake ba ka."

Da ya dawo, Awadiyya ta tare shi a tsakar gida. Ta dubi hannunsa, ta ga almakashinsa da tef ɗin awo a ciki, abubuwan da ba ya taɓa kawowa daga shago. Nan ta gane an sayar da keken.

Ba ta yi ihu ba wannan karon. Ɗaki ta shiga, ta juya fuska bango.

*

Safiyar tafiyar, Inna ta ɗauki faifan kisirarta ta fice da wuri. Ta ce ita ta ga irin wannan fitar sau ɗaya, ya ishe ta. Awadiyya kuwa ta shige ɗakin Inna ta sa sakata. A ranta lissafi take: ba zai iya tafiya ba sallama ba, ba zai iya fita ba wanda zai ɗebi sawunsa ba. Ta san mijinta. Haka dai take zato.

Ya ƙwanƙwasa.

"Awadi... buɗe in gan ki."

Ta jingina da ƙofar daga ciki.

"Habibti, mota ba ta jira. Ko ta taga ce, ki leƙo."

"Ka ce ka zauna."

"Na ce..."

"Ka rantse min a bakin ruwa, hannunka a kan ɗanka!"

"Ki yafe min. Wallahi don ku zan tafi. In na zauna aka ɗauke ni, rumfa za a kafa miki. Can kuwa zan dawo. Kafin ya iya zama zan dawo, da ƙafata."

"Babana ma haka ya ce."

Ta ji ya jingina goshi da ƙofar. Tana jin numfashinsa ta cikin katakon. Hannunta na kan sakatar.

"Ki ɗiba min, kin ji? Ko ba ki fito yanzu ba... in na wuce ki ɗiba."

"Ba zan ɗiba ba."

Daga waje muryar Yakubu ta taso, fes da ita.

"Ya zol, abokina, rana na yi! Yalla, mu tafi!"

Ta ji takunsa yana ja da baya. Ta ji ƙofar gida. Ta ji sun ɗan tsaya a waje, Yakubu na magana yana dariya, ba ta kama abin da yake cewa ba. Tana jira ta ji ya dawo da gudu, ya ce ya fasa.

Sai kukan jakin mai ruwa daga can nesa.

"Usta?"

Ba amsa.

"Usta!"

Ta fizge sakatar ta fito a guje, ba takalmi, tob ya zame mata daga kai. Layin wayam! Har sun sha kwana. Ga mai ruwa yana tahowa da amalankensa, yanzu zai tattake komai.

Ta zube a ƙofar gida. Sawu iri biyu ne suka nufi titi: ɗaya sabo fil mai zanen kanti, ɗaya kuwa, ga shi nan, layi uku a karkace. Ta kifa tafukanta a kai kamar mai kare wuta daga iska. Ta kwashe shi tas har da ƙasar gefe, ta yage bakin tob ɗin aurenta ta ƙulle.

"Na ɗiba," take faɗa tana kuka. "Ka ji ko? Ƙarya nake, na ɗiba!"

Ta rataye shi saman gadonsu. Inna ta dawo ta gani. Ruwa kawai ta ɗebo ta wanke wa 'yarta ƙafafu.

Daga nan sai jira.

Jira ba ciwo ba ne da za a nuna wa likita, amma yana cin mutum. Ciki na girma, Awadiyya na ramewa. Tana zuwa lallenta, tana zana wa amare furanni, in an yi guɗa ta yi murmushin dole. Duk wanda aka ce ya sauka daga Jidda sai ta aika a tambaye shi. Wannan ya ce bai gan shi ba, wancan ya ce ai garin da girma. Kowace safiya kafin ta ɗauki tsintsiya sai ta duba ƙofar gida. In ta shiga ɗaki ta ɗaga kai ta ce wa ƙullin, "Kira shi mana. Aikinka ke nan fa."

*

Cikin ya tsufa, har tafiya sai da dafa bango. Wata ranar da hantsi tana dawowa daga gidan biki, kwanon lalle a hannu, ta iso ƙofar gida ta sunkuyar da kai kamar kullum.

Kwanon ya suɓuce.

Layi uku a karkace!

Sabo, ko iska ba ta taɓa shi ba. Kuma ba titi ya nufa ba. Ciki ya shiga!

"Ya dawo! Inna, ya dawo! Usta! Usta!"

Ta manta da nauyin jikinta. Ta banka ƙofa tana dariya tana kuka, tob na jan ƙasa.

A bakin tabarma ga markubun nan a jere, ta san su kamar tafin hannunta.

A kan tabarmar kuwa Malam Zubairu ne zaune, carbi ya tsaya cak a hannunsa. Inna na gefe ta rufe fuska. Na ukun ya ɗago kai.

Yakubu ne.

Ba turare, ba agogo.

"Ina yake?" Ta leƙa ɗaki. Ta leƙa bayan rumfa. "Ina ya shiga? Usta, bar wasan nan!"

"Zauna, 'yata," in ji Malam Zubairu.

"Baba Malam, ga takalminsa nan!"

Yakubu ya sunkuyar da kai.

"Awadiyya... ni na shigo da su."

Ko kunya ce ta hana shi kawo irin wannan labari cikin takalmi mai ƙyalli, ko kuwa so yake ya shiga gidan da ƙafar mai gidan, Allah kaɗai ya sani.

Ya faɗa, kansa a ƙasa. Da suka isa Sawakin, tashar jiragen ruwa, takardun Muntari ba su fito ba. Gaskiyar magana, tun farko ba su da ranar fitowa, shi dai ya ɗauka in an je bakin ruwa za a san dabara. Dabarar ita ce sambuk, jirgin katako na masu tsallakar da mutane a ɓoye. Shi Yakubu ya hau babban jirgi da takardunsa. Muntari ya tsaya yana duban katakon, ya ce zai koma gida. Sai kuma ya ce da wane ido, ya sayar da keke, ya karya alkawari? Ya rufe ido ya shiga yana salati.

Iska ta taso musu a tsakiyar Bahar Maliya. Mutum ƙalilan masunta suka tsamo. Ɗaya daga cikinsu ya san Muntari, a gabansa ya nutse.

"Na yi ta jira ko labarin zai canza," in ji Yakubu. "Na rasa bakin da zan..."

Awadiyya ba shi take kallo ba. Takalman take kallo.

"Yaushe ya ba ka su?"

"Na'am?"

"Takalman! Yaushe suka koma ƙafarka?"

"Ai... a nan ƙofar gidan. Ranar da muka fita. Na ce masa akwai shingaye a hanya, in suka gan shi da tsohon markubu za su san mai gudu ne. Na ba shi nawa sababbi don ya yi kama da mai komawa bakin aiki, ni na sa nasa."

"Kafin ku taka... ko bayan kun taka?"

"A bakin dokin ƙofa muka musanya."

Wani irin sauti ya fito daga ƙirjinta, ba kuka ba, ba ihu ba.

"Naka na ɗiba..."

"Me?"

"Sawunka na ɗiba! Kai na yi ta kira! Wata da watanni ina roƙon ƙasa ta dawo min da mai ita, ga shi ta dawo da shi! Wayyo Allah, Inna! Da na buɗe ƙofar da na gani! Da na leƙo ta taga kawai... nasa yana nan a gefe, ina kallo jaki ya taka!"

Ta sulale. Inna ta tare ta.

Malam Zubairu na ta maimaita innalillahi, yana cewa ƙasa ba ta kashewa ba ta rayawa, kwana ne ya ƙare. Sai kuma ya fashe da kuka irin na tsofaffi, marar sauti. "Ni na ce ya tashi," yake faɗa. "Ni na ce ya ƙarasa mana."

Awadiyya ba ta jin kowa. Ta daina ci, ta daina magana, sai dai ta kwanta ta zuba wa ƙullin ido. Ana cikin zaman makoki Inna ta shigo ta rufe ƙofa. A hannunta ga nata baƙin ƙullin da ta sauko da shi da ƙyar daga saman gadonta, ta ajiye a cinyar 'yarta.

"Dube shi da kyau."

Awadiyya ta duba.

"Ni ban yi kuskure ba. A gabana ya taka, ƙafarsa ba takalmi ma. Na ɗebi nasa, nasa na gaskiya, ko ƙwaya ban bari ba. Ya dawo?"

"Inna..."

"Na ce ya dawo?"

"A'a."

"To ki tashi ki sha kunu. Ba ke kika nutsar da shi ba. Ƙasar nan ba ta kiran kowa, 'yar nan. Mu take riƙewa, don mu samu abin kallo in mun ɗaga kai."

Suka rungume juna, suka yi kukan da kowacce ta daɗe tana ɓoye wa 'yar'uwarta.

*

Mace ta haifa. Malam Zubairu ne ya yi mata huɗuba, hawayensa na ɗiga a kunnen jaririyar. Aka sa mata Wafa. Zakara aka yanka.

Haihuwa ta sauke mata takaba, kuma Yakubu ya san da haka. Ya bari aka yi wanka aka gama, sannan ya fara aike: madarar gwangwani, sabulu, 'yan riguna. Inna na mayarwa, yana sake aikowa. Mutanen unguwa suka fara cewa ai ya kyauta, wa zai riƙe marainiya in ba aminin ubanta ba?

Ran nan da la'asar ya zo da kansa. Turaren ya dawo, agogon ma haka. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, Awadiyya ta fito da Wafa a kafaɗa.

"Awadiyya, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kuskure, ina neman gafara. Amma tun farko ke nake so, kin sani. Ki bar ni in gyara. In tafi da ku, ke da yarinyar, ba za ta nemi komai ta rasa ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ke da bakinki kika ce ni kika kira. Wataƙila haka Allah ya rubuta."

Ta dube shi tun daga hula har ƙasa.

"Jira ni."

Ta shiga, ta miƙa wa Inna jaririyar. Ta hau gado ta kwance ƙullin. Ta fito ta warware bakin tob ɗin aurenta a gabansa, ta zazzage ƙasar a kan takalmansa masu ƙyalli.

"Ga sawunka."

"Awadiyya..."

"Ajiya ce, na mayar. Ban san taka ba ce na kwana a ƙarƙashinta. Ka kwashe ka tafi da ita duk inda za ka, ba mai kiranka a gidan nan."

Ya juya ya tafi, ƙasar na zuba daga takalmansa.

Ta ɗauko tsintsiya ta share ƙofar gidan tas, har inda ya tsaya. Ta yayyafa ruwa, ta jira ƙasar ta yi laushi.

Sannan ta shiga ta ɗauko markubun Muntari da Yakubu ya bari, na ƙafar dama.

Ta durƙusa a bakin dokin ƙofa. Ta sa hannunta a ciki, inda diddigensa ya lotsa fatar. Ta juya bakin takalmin ya dubi cikin gida, ta danna da dukkan ƙarfinta.

Ta ɗaga.

Layi uku a karkace.

Inna na tsaye a bayanta da Wafa. Ba ta hana ta ba. Da 'yarta ta ɗebi ƙasar ta zuba a tsumma ta kasa ƙulli ita kaɗai, sai ta sunkuya ta riƙe mata bakin tsumman.

"Na san ba zai dawo ba, Inna."

"Na sani."

"Ya ce in ɗiba masa ne... ko ban fito ba, in ɗiba."

Ta ɗaure, ta manna a ƙirjinta.

"Ga shi, Usta. Na makara, amma na ɗiba."